Karatu a Bakin Tagar Baba

A cikin bas ɗin Samaru zuwa Sabon Gari Naila ta ja wani dogon tsaki, har direba sai da ya kalli madubi. Ta rufe littafin soyayyar da ke hannunta, ta kuma buɗewa.

Saurayin da ke gefenta ya ce, "Baiwar Allah, littafin ne ya yi miki laifi?"

"Rabinsa ya sa ni kuka, rabinsa ya ba ni haushi," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Marubucin ya iya zance, wallahi ya iya. Amma yarinyar ba ta da aiki sai hawaye. Babi goma tana zaune tana jiran a cece ta! Da zan gan shi da na faɗa masa."

"To ai kin faɗa masa. Sunana Ridwan."

Ta dubi hoton bayan littafin, ta dubi fuskarsa. Kunya kamar ta nutse, amma Naila ce fa, ko kalma ɗaya ba ta janye ba. Kafin su wuce Palladan ya karɓi lambarta, wai don ya ji sauran laifinsa.

Daga gyaran littafi zance ya koma wani abu daban. Wata shida ba a yi ba, Ridwan ya nemi izinin turo magabatansa.

Nan Abdulrahim ya taso, ɗan ƙanwar babanta, wanda ya daɗe yana sonta tana kaucewa. Ya sayi littafin, ya naɗe shafi uku, ya kai wa Malam Umaru, mahaifin Naila. Shafukan kuwa duk inda saurayin labarin ke ɗaga wa uban budurwarsa murya ne.

Malam ya karanta, ya ajiye tabarau. "Wanda ya rubuta wannan ba zai auri 'yata ba. Na gama magana."

Da yamma saƙon Ridwan ya shigo: "Hasken idona, ki ce wa Baba aikin ƙuruciya ne, na janye littafin daga kasuwa. Zan ƙone shi duka in dai zan same ki."

Ta mayar masa: "Malam Marubuci, kar ka soma. Littafin nan yana da aibu, ni na fara faɗa maka, amma ba shafi uku ba ne. Baba zai ji shi daga farko har ƙarshe, sannan ya yanke hukunci. Ka bar mini."

To amma ta yaya? Wace 'ya ce za ta zauna gaban ubanta tana karanta masa kalaman soyayya? Sai ta shimfiɗa tabarma daidai ƙarƙashin tagar ɗakin Malam, inda yake kishingiɗa da rediyonsa bayan la'asar, ta kira mahaifiyarta, Hajiya Kaltume.

"Umma, zo in karanta miki wani labari."

Hajiya ta dubi tagar, ta dubi 'yarta, ta zauna tana tsince shinkafa. "Ɗaga murya, kunnena ba ya ji sosai," in ji ta, alhali ko allura ce ta faɗi sai ta ji.

Ranar farko Malam ya ƙure rediyo. Naila ta ƙara murya. Rana ta uku rediyon ya yi ƙasa. Rana ta biyar aka kashe shi ɗungurungum. In an zo wajen kuka sai a ji gyaran murya daga ɗaki, in an zo wajen shirme sai a ji tsaki. Ranar da matsanancin tari ya hana ta karatu, Malam ya leƙo yana tambayar Hajiya ko lafiya gidan ya yi tsit.

Kwana tara ta gama. Washegari Malam ya sa aka kira Ridwan. Ya durƙusa a zaure, Naila na laɓe bayan ƙofa.

"Na ji littafinka," Malam ya ce. "Inda uwar yarinyar ta rasu, ka taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma uban nan da ka rubuta, ba mutum ba ne. Daga tsawa sai hani. Ko sau ɗaya ba ka bar shi ya faɗi abin da yake jin tsoro ba. Haka ka ɗauki iyaye maza?"

Ridwan ya sunkuyar da kai. "Baba, ku gafarce ni. Ina da shekara biyu mahaifina ya rasu. Ban san yadda uba ke magana da ɗansa ba, shi ya sa na ƙago."

Naila ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba.

Can Malam ya ce, "Matso nan kusa. Ka turo kawunnanka ranar Asabar. In ya so ka riƙa zuwa kana jin yadda muke magana."

Bayan sallar Juma'a, wata biyu da yin haka, aka ɗaura auren Ridwan da Naila a Sabon Gari. Da aka shafa fatiha Malam Umaru ya riƙe hannun ango, ya daɗe bai saki ba.

"Allah Ya yi muku albarka, ɗana," ya ce. "Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."