Lambobin Auta da Auren Kawu Nentawe

A Salford, kusa da Manchester, akwai wata yarinya 'yar shekara tara. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa yake kiranta Auta.

Auta ta iya lissafi, kuma ta san ta iya. Idan malama ta rubuta biyu, huɗu, shida a allo, kafin ta juyo Auta ta ce takwas. Abin har ya fara shiga mata kai.

Duk dangi ba wanda take so kamar Kawu Nentawe, ƙanen Mamanta. Ma'aikacin jinya ne a Birmingham. Yana neman auren Anti Murna, amma mahaifinta, Baba Kambai, bai ba da amsa ba tukuna. Dattijon coci ne, ba ya wasa. Abin da ya fi tsana shi ne caca, domin ita ce ta rusa gidan ƙanensa.

Wata rana Auta tana wasa da wayar Mama, sai ga bidiyon wani mutum sanye da kwat. Yana magana a kan lottery, cacar nan da ake zaɓen lambobi. Wai lambobin suna da tsari. Wai duk lambar da ta daɗe ba ta fito ba, lokacinta ya yi.

Tsari? Ai wannan aikin Auta ne. Ta duba lambobin da suka fito a baya, ta zaɓi shida. Nan take ta kira Kawu.

"Kawu, na gano sirrin lottery. Ka sayi ticket da lambobina, in mun ci mu raba." Ta karanto masa su.

Kawu yana sauri zai tafi aiki. Ya yi dariya ya ce, "To, Farfesa, na ji. Sai anjima."

Shi wasa ya ɗauke ta. Ita kuwa ta ɗauki wannan "na ji" a matsayin alkawari.

Mama ta shigo ta ga bidiyon. Ranta ya ɓaci.

"Wannan caca ce, ba ma yin ta a gidan nan. Ba ni wayata. Ba ke ba waya sai an yi hutu."

Auta ba ta faɗa mata ta kira Kawu ba. Kuma tunda babu waya, ba ta ga lambobin da suka fito ba.

Ranar Asabar Kawu ya kawo ziyara. Yana shigowa Auta ta ga sabon takalmi a ƙafarsa, yana ta sheƙi. Ta kalli takalmin, ta kalli Kawu. Bai ce mata komai a kan lottery ba.

Can anjima ta tarar da shi da Mama suna raɗa a kicin. Da suka gan ta, suka yi shiru.

"Me kuke faɗa?"

"Maganar manya ce," in ji Mama. "Je ki yi homework."

Auta ta fita, amma ta laɓe a bayan ƙofa. Ba ta ji komai ba sai ƙarar cokali. Ta fara jera abubuwan a ranta kamar lissafin allo. Ga sabon takalmi, ga raɗa. Amsa ɗaya ce ta fito mata: Kawu ya ci, kuma ya ɓoye. Abin ya yi mata zafi ƙwarai. Tun daga ranar take kallonsa ta wutsiyar ido.

Ba a daɗe ba Baba Kambai ya aiko cewa su zo gidansa a unguwar Erdington ta Birmingham, zai ba da amsa. Da a gida Najeriya ne, ba za a je irin wannan zama da yarinya ba. Amma a nan wa za a bar wa? Dole aka tafi da ita.

A cikin jirgin ƙasa Mama ta ja mata kunne. "Yau ranar Kawunki ce. Ki gaisa, ki zauna, ki kama bakinki."

Kawu ya tarye su a tasha da wata baƙar mota ƙatuwa. Auta ta shafa kujerar, ta gyaɗa kai. Yanzu kam ba sauran shakka.

A gidan Baba Kambai aka yi addu'a, aka kawo gwaten acca. Baban Auta, da shi ma aka zo, ya yi gaisuwa mai tsawo. Komai yana tafiya daidai. Sai Baba Kambai ya leƙa taga.

"Nentawe, motar nan taka tana da kyau."

Kafin Kawu ya buɗe baki, Auta ta riga shi.

"Da kuɗin lottery ya saya. Ni na ba shi lambobin, amma ya hana ni rabona."

Mama ta dafe kai.

Kawu ya ce, "Baba, motar abokin aikina ce, aro na yi. Ban taɓa yin caca ba."

Baba Kambai ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Yarinya ƙarama ba za ta faɗi haka kawai ba. Mu dakata tukuna."

Anti Murna ta tashi ta shiga ɗaki tana share ido.

A tasha Kawu bai yi faɗa ba. Ya durƙusa daidai tsawonta ya ce, "Auta, me ya hana ki tambaye ni?" Da dukanta ya yi da ya fi mata sauƙi.

A hanya Mama ta ce, "Takalmin don zuwan nan ya saya. Raɗar da kika gani, muna shirya abin da za a faɗa wa Baba Kambai ne."

Auta ta yi kuka har Manchester.

Ranar Litinin ta tsaya bayan an tashi daga makaranta, ta tambayi malamar lissafi ko lambobin lottery suna da tsari. Malamar ta ɗauko jaka cike da marafen kwalba masu lamba. Ta sa Auta ta riƙa ciro ɗaya tana mayarwa.

"Yanzu wacce za ta fito?"

"Bakwai. Ta daɗe ba ta fito ba."

Uku ce ta fito. Suka sake, uku ta kuma fitowa.

"Jaka ba ta tuna abin da ya fito ɗazu," in ji malamar. "Injin lottery ma haka yake."

"Amma mutumin bidiyon ya ce ya san sirrin."

"Da ya sani, zai tsaya yana gaya wa duniya?"

Auta ta koma gida ta roƙi Mama ta mayar da ita Birmingham. Ranar Asabar suka sake hawa jirgi, su biyu.

Da suka shiga, Auta ta durƙusa gaban Baba Kambai.

"Baba, abin da na faɗa ba gaskiya ba ne."

Ya kalle ta ta saman tabarau. "Nentawe ne ya turo ki?"

"A'a, Baba. Bai ma san mun zo ba."

"Kin gan shi yana sayen ticket?"

"A'a."

"Kin ga lambobinki sun fito?"

"A'a."

"To me kika gani?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Takalmi."

Baba Kambai ya rufe baki da hannu, amma dariyar ta fi ƙarfinsa. Ya sa ta faɗi lambobin, Mama ta duba sakamakon makon a waya. Ko ɗaya ba ta fito ba.

Dattijon ya dubi Auta. "Ni ma na yi kuskure," ya ce. "Na ji magana na hau kai, ban bincika ba."

Ya ɗauki wayarsa ya kira Kawu. "Nentawe, ka zo da mutanenka. Na ba ka Murna."

Daga cikin kicin aka ji Anti Murna ta yar da faranti.

Baba Kambai ya miƙa wa Auta wayar. Auta ta ce, "Kawu, ka yafe mini."

"Na yafe miki," in ji Kawu.

Ranar Auta ta koyi abu biyu. Lambobin caca ba su da wani tsari, duk wanda ya ce ya san sirrinsu yaudara yake yi. Kuma zato ba sani ba ne. Kafin ka zargi mutum, ka je ka tambaye shi.