Gawa Mai Kallon Gabas

Ana sakkowa daga masallacin Juma'a aka bugo wa Sufeto Ɗanmaliki waya a ofishin 'yan sanda na Rogo. An tsinci gawar ɗalibi a gindin sabon benen jami'a, reshen da ke kan hanyar Karaye.

'Yarsa Bara'atu a can take karatu.

Da ya isa ya tarar ba ita ba ce. Mu'az ne, shugaban ɗalibai, ɗan Zoza. Tun da aka rage wa jami'ar kasafi, aka rufe asibitin ɗalibai, famfunan ɗakunan kwana suka ƙafe, shi ne ke yawo da lasifika yana tambaya: in babu kuɗin magani, ina aka samo na bene?

Maigadin ginin, wani dattijo daga Fulatan, ya ce da alama faɗowa yaron ya yi. Ya rantse bai taɓa gawar ba. Shi da leburori duk masallaci suka tafi, sai da suka dawo suka gani.

Sufeto ya tsuguna. Ƙeya a fashe take. Amma gawar na kwance a ɓangaren dama, fuska na kallon gabas, idanu a rufe, ƙafafu a miƙe. Ya sha ganin waɗanda suka faɗo daga bishiya ko daga bayan mota. Ba haka suke kwanciya ba. Wani ne ya gyara shi, kuma wanda ya san haƙƙin mamaci.

A aljihun rigar ya sami gutsuren kankare. Ya matsa da yatsa, abin ya marmashe kamar daƙuwa. Yashi ne zalla. Ya ɗaga kai ya dubi benen da ke tsaye a kansa, ya ja da baya.

Ya sami Bara'atu cikin 'yan'uwanta ɗalibai tana kuka. Ta ce daga jikin ginshiƙi Mu'az ya ɓallo gutsuren, yana shirin nuna wa taron ɗalibai gobe. Amma ya ce sai ya fara nuna wa mutum ɗaya da ba zai ci amanarsa ba. Bai faɗi suna ba.

"Baba, a saman benen nan za mu rubuta jarrabawa ran Litinin. Mu duka."

"Ba za ki hau ba."

"In ban hau ba sai na maimaita shekara. Kuma sauran fa?"

Sufeto ya juya ya nufi ofishin jami'a.

Ya je wa shugaban reshen da yashin a ƙulle a takarda. Shugaban ya ce ba za a ɗage jarrabawa a kan ƙullin yashi ba. Daraktan ayyuka ya duba ginin ya ce lafiya lau. In Sufeto na da hujja, ya kawo.

Ɗan kwangila, Alhaji Ashiru, ya ce shi a Kano ya yi Juma'a.

"An ga motarka a Karaye," in ji Sufeto.

Ya yarda a Karaye ya yi salla, a sahun gaba, liman ma shaida ne. Tsoro ne ya sa shi ƙarya. Da aka tambaye shi siminti, sai ya ce shi abin da aka ba shi ya zuba, a tambayi Injiniya.

Injiniya Hadi shi ne daraktan ayyuka. Kuma kawun Mu'az ne, ƙanin mahaifiyarsa. Idanunsa sun yi ja wur.

"Yaushe rabonka da shi?"

"Tun makon jiya, Yallaɓai."

"Lokacin Juma'a kana ina?"

"Masallaci. A waya na ji labarin, kamar kowa."

"Ginin lafiya yake?"

"Lafiya lau," in ji shi, yana kallon tebur.

Asabar ta wuce babu abin kamawa. Sufeto ya kasa cin abinci. Duk ya rufe ido sai ya ga bene ya durƙushe, ana tono littattafai da takalma.

Ran Lahadi ya tafi Zoza ta'aziyya. Maza na zaune kan tabarmi a ƙofar gida, Injiniya Hadi na cikinsu yana karɓar gaisuwa. Aka yi wa Sufeto iso wurin mahaifiyar, Adama. Ya gaishe ta, ya yi mata addu'a, ta amsa da muryar da ta dushe.

"Abu ɗaya ne ya sanyaya mini rai, Yallaɓai. Ɗana da kalmar shahada ya cika."

Sufeto ya tambaye ta a hankali wa ya gaya mata.

"Kawunsa. Daren Juma'ar na kasa daina kuka, shi ne ya ce in yi haƙuri, Mu'az ya yi shahada tiryan-tiryan, harshensa bai sarƙe ba."

Sufeto ya fito. Ya yafito Injiniya, suka zagaya bayan rumbu.

"Ka ce a waya ka ji labarin."

"Haka ne."

"A waya ka ji shahadarsa?"

Injiniya ya zauna a ƙasa.

Ya ce da aka rage kasafi ginin na tsakiya, kuma aka ce lallai ya kammala kafin jarrabawa. Shi ne ya ba da umarni a rage siminti. Mu'az ya kira shi saman bene lokacin da kowa ya tafi salla, ya ce Kawu ka faɗa da bakinka kafin in faɗa. Suka yi kokawa a kan gutsuren, a bakin matakala marar kariya. Ya ture Mu'az, yaron ya faɗo.

"Na sauko yana numfashi. Na laƙƙana masa shahada, ya amsa."

"Ka juya shi gabas."

"Ɗan yayata ne. Ba zan bar shi yashe kamar mushe ba."

"Ka sami lokacin rufe masa ido. Ba ka sami na kai shi asibiti ba?"

Sufeto ya matso kusa da shi.

"Gobe 'yata za ta hau benen nan."

Injiniya ya kama ƙafarsa. "Kada kowa ya hau, Yallaɓai. Ba zai ɗauke su ba."

Sufeto ya kira shugaban reshen, ya kara wa Injiniya wayar a baki. "Maimaita."

Ya maimaita.

Bai sa masa ankwa a gaban masu makoki ba. Ya riƙe hannunsa kawai suka nufi mota. Suna wucewa ta ƙofar gida sai muryar Adama ta fito daga ciki.

"Hadi, in ka raka baƙo ka dawo. Kai kaɗai ka rage mini."

Ran Litinin ɗalibai suka rubuta jarrabawa a ƙarƙashin bishiyoyi, takarda a kan gwiwa. An kewaye benen da igiya. Sufeto Ɗanmaliki ya tsaya a bakin igiyar har aka tashi.