Ganyen da Aka Goge

A wata unguwa a garin Springfield, can ƙasar waje, akwai wata yarinya da ƙaninta Haidar. Suna zaune da iyayensu da kakarsu, Hajiya Sailuba. Kaka ba ta taɓa karɓar abu yadda aka fara faɗa mata ba. Ko allura ce sai ta taya.

Maƙwabciyarsu Martina tana da wata shuka mai suna hosta. Ba don fure ake shuka ta ba, don ganye ne. Irin tata kuwa ganyenta shuɗi ne, mai faɗi kamar faifai.

Martina ta ce za ta ba da saiwa ɗaya a kan kwalbar yajin Kaka.

Kaka ta ce, "Jikoki biyu gare ni. Yajin nan kuma da hannuna na daka. Biyu, ko in koma da abina."

Martina ta yi dariya ta ba da biyu. Ta ce, "Wannan iri yana da wuyar sha'ani. Ba ya son rana. Kuma kada a riƙa taɓa ganyen."

Haidar ya dasa tasa a bayan gida, ƙarƙashin bishiya. Yarinyar ta ce, "Wa zai gan ta a can?" Ta dasa tata a ƙofar gida, inda rana take duka tun safe.

Da zafi ya shigo, shukar Haidar ta yi kumari. Ganyenta ya yi shuɗi, kamar an barbaɗa masa hoda. Ta yarinyar kuwa ta koɗe, gefen ganyen ya bushe.

Duk baƙon da ya zo, sai Kaka ta ja shi bayan gida. "Zo ka ga aikin maigidana," in ji ta, don haka take kiran Haidar da wasa. Baƙi su wuce ta ƙofa, ko kallon ta yarinyar ba sa yi.

Abin ya ba yarinyar haushi.

Wata Asabar ta tuna da maganar Kaka, cewa duk abin da ya bushe mai yake so. Ta lakato man kaɗe a tsumma, ta shafe ganyen shukarta tas. Ya yi ta ƙyalli. Amma kafin la'asar rana ta soya shi, ya yi laushi ya kwanta.

Ta zagaya bayan gida da tsumman a hannu. Ga ta Haidar nan, sai ka ce dariya take mata. Ta ɗan goga ganye ɗaya. Shuɗin ya fita, ya bar kore. Ta waiwaya, ba kowa. Sai ta bi manyan ganyen ɗaya bayan ɗaya ta goge.

Da Haidar ya zo ban ruwa, ya ga ganyen shukarsa ya koma kore. Sai ya fashe da kuka.

Kaka ta fito tana gyara ɗankwali. Ta duƙa, ta shinshina ganyen. Ta miƙe, ta tafi ƙofar gida, ta shinshina ɗayar.

Ta ce, "Ikon Allah. Barewar da ke cin ganye a unguwar nan ta fara shafa man kaɗe."

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Ƙawata, zo nan. Ke ce?"

"Ni ce, Kaka."

"To da kika goge tasa, taki ta yi shuɗi?"

"A'a."

"Ta miƙe?"

"A'a, Kaka."

"Kin yi mugun ciniki ke nan. Kin ba da mai, kin ba da mutunci, ba ki karɓi komai ba."

Aka kira Martina. Ta duba ta ce hodar nan ita ce shuɗin, kuma idan ta fita ba ta dawowa sai sabon ganye ya fito baɗi. Ta ƙofar gida kuwa, in ba a raba ta da rana ba, mutuwa za ta yi.

Yarinyar ta dubi ƙaninta. "Haidar, ka yi haƙuri. Haushi na ji, kowa taka yake yabo."

Haidar ya share hanci. Sannan ya ce, "Yaya, akwai wuri kusa da tawa. Amma ke za ki riƙa ban ruwa."

Kaka ta ce, "Madalla. Yaron nan ya iya ciniki, jinina ne."

Suka tono shukar a hankali, suka mayar da ita inuwa. Yarinyar ta yi ta ban ruwa a gindi, ba ta taɓa ganye. Da baƙi suka tambayi abin da ya sami shukar Haidar, da bakinta ta faɗa, ko da yake kunya kamar ta nutse.

Sanyi ya zo, ganye duk ya zube, dusar ƙanƙara ta rufe wurin. Kullum sai ta leƙa ta taga.

Da ƙasa ta ɗumama, wasu tsiro masu tsini suka ɓullo a wuri biyu. Suka buɗe, dukansu shuɗi. Na yarinyar bai kai na Haidar girma ba, amma ta fi kowa murna.

Kaka ta ja baƙo bayan gida ta ce, "Zo ka ga aikin jikokina."

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa ɓata na wani ba ya gyara naka. Idan na ɗan'uwanka ya fi naka kyau, tambaye shi yadda ya yi.