Buhun da Ya Yi Warin Hayaƙi

A wata unguwa da ke gefen Yendi akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka Auta kowa ke ce mata. Ba ta da ƙiwa ko kaɗan, sai dai gaggawa. Kafin ka gama ba ta saƙo ta riga ta kai bakin ƙofa.

Mahaifiyarta, Mma Anisatu, tana cikin ƙungiyar mata masu tsintar kaɗanya. Shekara uku suna fama kafin wani babban kamfani ya yarda ya riƙa sayen ƙwararsu. Kamfanin nan kuwa, dokoki kamar me! Ba a sare kaɗanya a yi gawayi. Ba a hana yaro makaranta don ya je tsinta. Babbar dokar ita ce, a rana ake shanya ƙwara, ba a kan hayaƙi ba. Duk matar da ta karya, sai a karɓe katinta na ƙungiya. Da katin nan Mma Anisatu take riƙe da gida tun rasuwar mijinta.

Ranar wata Asabar Mma ta shirya zuwa ta'aziyya a garin Karaga.

"Auta, ga ƙwara nan na dafa na shanya. In kin ga hadari ki kwashe ki kai ɗaki. Kada ki yi mata komai bayan haka."

"To, Mma."

Ai kuwa ko azahar ba a yi ba ruwa ya tsuge. Aka kwana aka wuni rana ba ta leƙo ba. Auta ta taɓa ƙwarar ta ji danshi. Motar kamfani kuma ranar Laraba za ta zo. Hankalinta ya tashi.

Sai ta tuna yadda kakarta take yi a da. Ta hura wuta da ɗanyen itace, ta ɗora ragar ƙarfe, ta baza ƙwarar a kai. Hayaƙi ya turnuƙe, ido na ta hawaye, amma ƙwara ta bushe ƙayau. Ta zuba ta a ƙasan buhun da ke da lambar Mma, ta rufe da mai kyau, wadda ta bushe a rana tun da farko, a sama.

Da Mma ta dawo ta yi mamaki.

"Har ta bushe? Da wannan ruwan?"

"Rana ta ɗan fito, Mma," in ji Auta, ba ta ɗaga kai ba.

Ranar Laraba, bayan an tashi daga makaranta, mota ta iso. Malam Nashiru, mai duba kaya na kamfanin, ya riƙa soka ƙarfe cikin buhuna yana shinshinawa. Da ya zo kan wani buhu sai ya tsaya. Ya sake sokawa can ƙasa. Fuskarsa ta canza.

"Lamba goma sha bakwai ta wace ce?"

"Tawa ce, Malam," Mma ta amsa.

"Wannan ƙwarar ta sha hayaƙi. Tunda an ɓoye ta a ƙasa, ban san abin da ke cikin sauran ba. Yau ba zan ɗauki ko buhu ɗaya ba."

Mota ta juya ba kaya. Mata arba'in suka tsaya suna kallon bayanta. Wata ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Wasu suka riƙa harara, wasu suka wuce Mma ko sallama babu. Auta ta san ita ce sila, amma ta ɓoye, ta bi Mma gida. A gida Mma ta dafa tuwo, ta kasa cin ko loma ɗaya.

Washegari da la'asar aka yi taro, Malam Nashiru ma ya zo. Hajiya Raihanatu, magajiyar ƙungiya, ta kira Mma gaban kowa.

"Anisatu, faɗi gaskiya."

"Hajiya, wallahi a rana na shanya."

"Hancin Malam ne ya yi ƙarya ke nan? Kuskure muna iya yafewa, amma ban da rantsuwa a kan ƙarya. Kawo katin."

Mma ta kwance bakin zanenta, ta ciro katin. Wayyo, abin tausayi! Ta miƙa katin hawaye na zuba.

"Hajiya, ku tsaya!" Auta ta miƙe. "Ni ce. Mma tana Karaga na sa ƙwarar a wuta. Na ji tsoron kada ta lalace. Da ta tambaye ni kuma na yi mata ƙarya."

Malam Nashiru ya kira ta kusa.

"'Yata, kin san abin da ya sa aka hana?"

"A'a, Malam."

"Hayaƙi yana shiga har cikin man da ake yi da ƙwarar. Man nan mutane ke ci, shi ake shafa wa jarirai. Kuma in kowa zai riƙa hura wuta don busar da ƙwara, itatuwan dajin nan ƙarewa za su yi. Da kin bar ta a ɗaki, da 'yar kaɗan ce za ta lalace."

Auta ta durƙusa ta ba mata haƙuri, tana kuka wiwi.

Malam Nashiru ya ce buhun nan kam ya tafi, ba za a saye shi ba. Sauran kuma sai an zazzage an duba ɗaya bayan ɗaya. Aka duba, duk lafiya lau. Hajiya ta mayar wa Mma katinta da hannu biyu. Ranar Juma'a mota ta dawo, ta tafi a cike, mata na ta guɗa.

A hanyar gida Mma ta kama hannun Auta.

"Asarar buhu zan iya jurewa, Auta. Ƙaryar ce ta kusa kashe ni a tsaye."

"Na tuba, Mma. Ba zan ƙara ba."

Yara, in an ba ku doka ku bi ta, in ba ku gane dalilinta ba ku tambaya. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, tun kafin a kama wanda bai ji ba bai gani ba.