A Bar Baba Ya Buga Abinsa

Ƙwallon golf ɗin ya wuce ta gefen kunnenta fuu, ya daki jakar sandunanta, ya gangaro ya tsaya daidai gaban takalminta.

Mai ƙwallon ya taho a guje, hula a hannu, yana haki.

"Don Allah ki yi haƙuri, wallahi na ɗauka kin wuce."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, ana jiran na gaba ya bar rami kafin a buga. Gobara ake yi a gidanku?"

"A'a... hali ne kawai."

Ta so ta harare shi, dariya ta ƙwace mata. Shi kuwa nan take ya ji ta kwanta masa a rai, har ya manta da ƙwallon da ya biyo.

Direban motar ɗaukar marasa lafiya ne, abokan aiki suna ce masa Jiniya, kuma sunan ya bi shi. A tsaye yake cin abinci, a guje yake gaisuwa, ko a kujerar aski ƙafarsa ba ta daina rawa. Wata nas ce ta gaji da shi, ta ce ya je filin golf na bayan unguwa ko Allah zai sa ya koyi numfashi.

Filin ɗan ƙarami ne, ramuka tara, a matse tsakanin katangun gidaje da wani kududdufi. Baƙo yakan raina shi. Amma ka buga da ƙarfi ƙwallo ya faɗa gidan mutane, ka sassauta ya nutse a ruwa, in ka kauce wa ruwan kuma ramin yashi na jiranka. Fili ne da ba ya shiri da gaggawa, Jiniya kuwa ita kaɗai ya iya.

Ita Auta ake ce mata, malamar makarantar yara ce, tun tana ƙarama take bin mahaifinta filin. Daga "sassauta riƙon nan, ba sitiyari ba ne" aka koma musayar lamba, daga nan waya ta daina hutawa.

"Malamata, yau ƙwallo biyu kacal kududdufi ya cinye min. A yaba min mana."

"Kududdufin zan yi wa jaje. Ka ci abinci a zaune?"

"A zaune, ina tunaninki."

"Sarkin sauri, har a soyayyar ma gudu kake."

"Shi ya sa nake neman birki. Ke ce Birkina."

Da maganar ta isa gida, mahaifinta ya ce shi ba ya sanin mutum a falo, a fili yake saninsa. Ya zo su zaga tare.

Baba tsohon tela ne da rawar hannu ta raba da keken ɗinki. Bugun nesa har yanzu yana yi, ras. Sai ƙwallo ya zo dab da rami, inda ake son ɗan taɓi a hankali, nan hannun ke tona masa asiri. 'Yan wasa kuwa suna da wata kara: in ƙwallon abokin wasanka ya tsaya gab da rami, sai ka ce "an ba ka", ya ɗauka a wuce kamar ya jefa. Baba kowa ba shi yake, tun kafin ya ƙaraso.

Ranar su uku suka fita, har da Injiniya, ɗan aminin Baba, saurayin da shi ma ya daɗe yana zarya gidan don neman Auta. Shi ne gwanin "an ba ka, Baba", da murmushinsa na ladabi.

A ramin bakin kududdufi ƙwallon Baba ya tsaya bai fi taki ɗaya da rami ba. Injiniya na can yana fama da yashi. Baba ya gyara tsayuwa, ya saita sanda. Sandar na kaɗawa. Ya ɗaga, ya mayar, ya sake saitawa.

Jiniya ya ji kamar ana yi masa tafiyar tsutsa a jiki. Kafin ya ankara ya sunkuya ya zare ƙwallon daga gaban sandar.

"An ba ka, Baba. Mu je."

Baba ya dubi gurbin da ƙwallon ya bari, ya dubi saurayin. Sai ya saɓa jakarsa ya nufi ƙofa.

Da yamma saƙon Auta ya shigo.

"Baba ya ce a bar maganar. Wai wanda ya kasa jiran tsoho ya buga ƙwallo ɗaya, ba zai jira 'yarsa ba ranar da rayuwa ta yi mata nauyi."

Jiniya ya karanta, ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Ya wanke motar da ba ta yi datti ba. A kwanakin da suka biyo abinci ya fita ransa, in ya kira Auta kuma muryarta a sanyaye take, Mama na kusa.

Ana haka wata rana yana dawowa daga kai mara lafiya, ya hango ta a ƙofar filin tare da Injiniya, yana riƙe da jakarta suna magana ƙasa-ƙasa. Kishi ya turnuƙe shi. Ya faka a gefe, ya rubuta, ya tura bai ko sake karantawa ba.

"Na gani. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Amsa ta daɗe ba ta zo ba, ya duba wayar har ta yi zafi.

"Me ka gani? Haƙuri nake ba shi, na ce masa zuciyata tana da mai ita. Amma mai itan ba ya tsayawa ya ji ƙarshen zance."

Kunya ta rufe shi. Yana neman kalmar ban haƙuri wani saƙon ya faɗo.

"Mama ta ce Baba ya daɗe bai ji ƙarar ƙwallonsa a cikin rami ba, kowa tausayinsa yake ji. Ranar nan ya yi niyyar jefawa da hannunsa, don kada wanda zai zama surukinsa ya fara saninsa a matsayin abin tausayi."

Jiniya ya kifa kai a kan sitiyari. Ya sha ɗauko tsofaffi a gadon ɗaukar marasa lafiya, ya san yadda suke kawar da fuska in an ɗaga su. Sai ga shi ya yi wa mahaifin Auta haka a tsakiyar fili.

Ranar hutunsa ya riga Baba zuwa filin, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ko zan bi ka?"

"Filin ba nawa ba ne."

Suka zaga ba hira. Jiniya ya ba kududdufi rabonsa, ya tono yashi har cikin takalmi. A rami na ƙarshe ƙwallon Baba ya gangaro ya tsaya gab da baki.

Jiniya ya zare tutar ramin, ya koma gefe ya tsaya.

Baba ya saita. Hannu ya kaɗa, ƙwallon ya goce. Ya zagaya, ya sake taɓawa, ya zarce ta ɗaya gefen. Gumi ya tsattsafo wa Jiniya. Kalmar nan ta zo masa har bakin leɓe, ya cije ta.

Masu jira a baya suka fara ƙorafi. Wani ya ɗaga murya, "Kai, a ba tsohon mana, rana na yi!"

Jiniya ya juya gare su. "In kuna sauri ku yi haƙuri. Baba bai gama ba."

Baba bai ɗago ba. Ya ja numfashi, ya jira hannun ya ɗan lafa, ya taɓa. Ƙwallon ya mirgina a hankali, ya yi kamar zai tsaya, sai ƙwal, ya faɗa.

Tsohon ya daɗe a tsaye. Sannan ya sunkuya da kansa ya ciro abinsa, ya goge ido da bayan hannu.

"Tun ɗazu nake ganin ƙafarka tana rawa."

"Tana yi, Baba."

"Amma ba ta tafi ba." Ya jefa ƙwallon a aljihu. "Ka turo manyanka."

Tun kafin ya kai ƙofa ya rubuta mata: "Birkina, Baba ya jefa. Ya ce in turo."

"Alhamdulillah! Kuka nake, Mama ma kuka take. Kada ka yi gudu a hanya, ina nan, ba inda za ni."

Bayan an ɗaura aure jama'a sun ragu, Baba ya kira su falo. Ya kamo hannun Auta ya ɗora a kan na angonta, nasa hannun na kaɗawa a saman nasu, bai ɓoye shi ba.

"Ga ta nan, amana. Wata rana ita za ta gaza, wata rana kai. Wanda ke da ƙarfi a ranar ya tsaya wa ɗan'uwansa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai jin ƙanku."

Mama ta ce amin, Auta ta ce amin cikin hawaye. Jiniya kuwa sai ya sunkuya ya ɗora goshinsa a kan hannun tsohon.