Katin da Ya Ƙi Biya a Alƙahira

Katin bankin Alhaji Mailafiya ya ƙi biya a wani asibitin Alƙahira ranar da za a shiga da matarsa tiyata. Labarin ya iso Gadarif kafin azahar. Babban ɗansa Lawal ne ya kawo shi ofishin Mulazim Kassim, jami'in binciken laifuka, jallabiyarsa duk ƙurar gona.

"An wawushe shi," in ji Lawal. "Baba ya kira banki. Sun ce ranar Alhamis da la'asar aka yi sayayya da shi, aka cinye duk iyakar da suka yanka masa."

"Goggo fa?"

"An mayar da ita masauki. Likita ya ce zuciyarta ba za ta jira ba, amma sai an biya."

Kassim ya ajiye biro. Ya san gidan kamar tafin hannunsa. A lungu ɗaya suka tashi da Lawal, kuma bayan rasuwar mahaifiyarsa, tuwon Goggo Batulu, matar Alhaji, ya ci har ya shiga makarantar 'yan sanda. Alhaji Mailafiya babban falken riɗi ne. Katin na wani banki ne a Dubai inda yake sayar da kayansa, irin wanda ake sayayya da shi a biya daga baya. Shi ya dogara da shi, bai ɗauki tsabar kuɗi masu yawa ba.

Kassim ya karɓi wayar Lawal ya kira Alƙahira.

"Baba Alhaji, katin ya taɓa barin jikinka?"

"Yana aljihun ciki. Sai in zan yi wanka."

"Su wa ke masaukin?"

"Ni da marar lafiya."

"Me aka saya?"

"Wayoyi, wai. A wani shago a Dubai, ta intanet. Ni da ban san hanyar shagon ba."

"Banki bai aiko lambar tabbatarwa ba?"

"Sun ce sun aika ta layina na Sudan. Na bar shi hannun Lawal saboda dillalai." Numfashin tsohon ya yi nauyi. "Kassim, kada ka yi nisa. Adamu mai sayar da tikiti ne ya yi wannan aikin. Ya ɗauki hoton katina gaba da baya lokacin da zai kama mana masauki."

Kassim ya sa ya karanta masa lambobi huɗu na ƙarshen katin, ya rubuta a bayan hannunsa.

Ofishin Adamu ɗan ɗaki ne kusa da tashar motocin Hartum. Da ya ga Kassim sai ya miƙe, ya aika a kawo jabana, kofin gahawa irin na Sudan.

"Bar kofin, ya ustaz. Kana da hoton katin Alhaji Mailafiya?"

"Ina da shi. Shi ya ce in ɗauka."

"Me ya sa ba ka goge ba?"

"Mantuwa ce, wallahi. Wata mushkila ce ta faru?"

"Nuna mini."

Adamu ya buɗe wayar. Kassim ya dubi hoton, ya dubi bayan hannunsa. Lambobin ba su zo ɗaya ba. Ya ƙara duba ƙasan katin: wa'adinsa ya ƙare tun ƙarshen watan jiya.

"Goge shi yanzu a gabana," in ji shi. "Kuma ka daina tara katunan mutane a wayarka."

A bakin titi ya sake kiran Alhaji.

"Af, wancan tsohon ne," in ji tsohon, muryarsa ta sauka. "Sabon kuwa, a nan Alƙahira ya same ni. Abokin cinikina ya zo da shi daga Dubai, a liƙe cikin ambulan ɗin banki. Da hannuna na yage."

Kassim ya tsaya, rakshoshi masu ƙafa uku na wucewa suna masa hon. Ke nan babu wanda ya taɓa ganin katin a Gadarif. Lambobin daga ɗakin Alƙahira suka fito. Lambar tabbatarwa kuwa a Gadarif aka karɓe ta. Hannu biyu ne, ɗaya can, ɗaya nan. Bai so inda tunanin ya nufa da shi ba, sai ya fara da na nan.

Ya shiga kasuwar amfanin gona ana tsakiyar gwanjon sabon riɗi. Ya bi dillalan Alhaji ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wanda ya kira layinsa ranar Alhamis. Wani dattijo mai suna Sharu ya ɗaga kai daga kan buhun da yake sokawa.

"Na kira bayan azahar. Mace ce ta ɗauka. Ta ce Lawal yana gona a Fashaga, in kira Asabar."

Lawal na jira a ofis. Kassim bai zauna ba.

"Ina wayar Baba take ranar Alhamis?"

"A aljihuna. Ba ta taɓa barina ba."

"Kai kana ina?"

"Fashaga, wajen masu yankan riɗi."

"Gonarku ta Fashaga waya na kamawa?"

Lawal ya kau da kai. Kassim ya ci gaba.

"Ba shabaka a can, ni da kai mun sani. Saƙon banki kuma ya shiga, an karanta shi nan take. Ko dai ba ka je Fashaga ba, ko wayar ba ta je ba. Wanne zan rubuta?"

"Na bar ta gida," in ji Lawal yana kallon ƙasa. "Baba ya ce kada in rabu da ita, shi ya sa na yi maka ƙarya. Na ba ƙanwata Hanatu don ta riƙa amsa wa dillalai. Amma Kassim, Hanatu ce fa. Me za ta yi da wayoyi a Dubai?"

Kassim ya san irin waɗannan shagunan. Ba a sayen komai a cikinsu. Ana biya da kati, mai shago ya cire nasa kason, ya miƙa sauran tsaba ga wanda aka ce. Ya taɓa cin karo da su a shari'ar masu safarar mutane ta hamada.

Ya isa gidan Alhaji bayan la'asar, shi kaɗai, ba kaki. Hanatu, ƙanwar Lawal, malamar firamare ce, ita ke riƙe da gidan tun tafiyar iyayen. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya, ta kawo ruwa. Yana sha idonsa ya kai ɗakin da ke kusa da zaure. Ƙofar a buɗe take, an share, an fito da katifa an jingina a rana.

Ɗakin Cindo ne, autan gidan. Bara ya kwashe buhunan riɗin ubansa ya sayar, ya biya masu safara, ya nufi Libiya da niyyar tsallaka teku. Tun daga ranar Alhaji ya sa kwaɗo a ƙofar, ya rantse ba a ƙara ambaton sunan a gidansa.

"Baƙo za ku yi?" in ji Kassim.

"Iska nake ba ɗakin, Yaya Kassim."

"Wa ya ba ki makulli?"

"Inna ta bar mini."

"Yaushe kika ji muryar Cindo?"

Ta riƙe gefen mayafinta ta murɗe shi a yatsa.

"Bari in faɗa miki abin da na gani, ki gyara mini inda na kauce," in ji Kassim a hankali. "Katin sabo ne, ba wanda ya gan shi a garin nan, don haka ba Adamu ba ne. Lawal yana inda waya ba ta kamawa. Ke kika amsa wa Sharu, a hannunki saƙon banki ya shiga. Amma ke ba ki da lambobin katin. Mutum biyu ne a ɗakin Alƙahira, ɗaya shi ya kawo ƙara. Kuɗin sun bi hanyar da masu safara ke karɓar fansa. Ga ɗakin da aka rufe shekara guda an buɗe."

Hawaye suka zubo mata, amma muryarta ba ta karye ba.

"Suna tsare da shi a wani gida a kudancin Libiya. Sukan kira su sa mu ji ana dukansa. Tun damina Inna ke roƙon Baba. Ya ce shi ba shi da ɗa mai wannan suna. Ranar Laraba suka ce Alhamis ce ta ƙarshe. Baba ya shiga wanka, Inna ta ɗauki hoton katin ta turo mini."

"Ta san kuɗin aikinta ne?"

"Na faɗa mata. Na roƙe ta. Ta ce zuciyar da za a gyara, in yaron ya mutu, me za ta yi da ita?"

"Sun sake shi?"

"Sun ce an sa shi a mota. Tun Juma'a layinsu a kashe."

Kassim ya sha jin wannan magana, "an sa shi a mota". Wani lokaci gaskiya ce. Wani lokaci sayar da mutum aka yi ga wasu, su ma su fara kira. Bai gaya mata ba.

"Dole in kira Baba," in ji shi.

"Na sani."

Ya kira a gabanta, ya jera wa tsohon komai yadda yake, bai ƙara ba bai rage ba. Can sai ya ji muryar Alhaji daga nesa da wayar, ba da shi yake ba.

"Batulu, me ya hana ki tambaye ni?"

Muryar Goggo ta zo a raunane, tana hutawa tsakanin kalmomi.

"Na tambaye ka, Alhaji. Har na gaji."

Da tsohon ya dawo kan layi, kamar an ƙara masa shekaru.

"Kassim, na janye ƙarata. Ka ce wa Lawal ya sayar da riɗin Fashaga a tsaye, duk yadda aka taya. Ka ce wa Hanatu..." Ya tsaya. "Ka karɓi lambar mutanen nan ka bi mini ita."

Lawal ya sayar da riɗin gonar ba a yanka ba, da asara mai ciwo. Aka yi wa Goggo Batulu aiki bayan an makara, ta tashi, amma likita ya ce zuciyar ta riga ta gaji. Aka dawo da ita Gadarif a kan keken marasa lafiya. Ba wanda ya kwana a caji ofis. Alhaji da Hanatu suna gaisawa, ba sa haɗa ido.

Kassim ya bi lambar ta hannun abokan aikinsa na Dongola da na bakin iyaka. Har aka gama sussukar dawa ba a samu komai ba. Duk Juma'a bayan masallaci yakan biya gidan. Goggo ba ta tambayarsa. Takan dubi fuskarsa tun daga bakin zaure, ta karanta amsar, sannan ta ce wa Hanatu ta zuba masa abinci.