Saƙo Ɗari Huɗu da Goma Sha Biyu

Ranar da Rumaisa'u ta fara ganin Munkaila, faɗa suka yi. Wata ƙungiyar manoman gero ce a Dogon Dutsi ta ɗauke ta ta gina musu shafin rajistar masu neman iri, shi kuma aka kawo shi daga Tibiri ya taya ta. Shigowarsa biro, wato ofishin ƙungiyar, ke da wuya ya zare wayar ordinatarta, kwamfutar da take aiki da ita, daga jikin bango ya maƙala cajarsa.

"Malam, ba ka da ido ne?"

"Ina da su," ya ce yana kallonta, "yanzu ma suka fara aiki."

Ta ja tsaki. Amma kafin wata uku tana kiransa Mai Caja, yana kiranta Rumana, maganar aure har ta fara shiga hira.

Ita da kanta ta koya masa abin da ya kusa raba su. A tsarin da suke gina shafin da shi, duk lokacin da shafin ya buɗe hanya zuwa rumbun bayanai, inda sunayen manoma suke, akwai sanarwar da ke fita, kuma kana iya ɗaura mata duk aikin da ka so. Gogan naku sai ya ɗaura wa sanarwar saƙon soyayya zuwa wayar Rumaisa'u a ɓoye. A tunaninsa sau ɗaya ake buɗe hanyar, da safe. Bai tsaya ya karanta bayanin tsarin ba, ballantana ya san cewa kowace dannawa sabuwar hanya take buɗewa.

Ranar fara rajista babu kuran a gidansu, an ɗauke wuta, sai Rumaisa'u ta bar wayarta tana caji a shagon mahaifinta, Alhaji Is'haƙa, mai wutar sola. Da la'asar ta dawo ta tarar da shi tsaye, ido jawur. Ya miƙo mata wayar.

"Rumana, hanya ta buɗe, zuciyata ma haka. Ina sonki. Naki, Mai Caja."

Ga shi nan, ga shi nan, har ɗari huɗu da goma sha biyu!

"Tun hantsi abin ga ke kuka bisa teburina," in ji Alhaji, "har limaminmu ya ɗauka ya karanta! Wanga mai hankali ne, ko iska gare shi? Jalaluddeen ya zo neman aurenki da manyanshi cikin mutunci kin ƙi, ashe wanga shashashan kike jira. Ba ni ba shi ɗiyata!"

Ko ruwa ba ta sha ba ta tari babur ɗin ɗan kabu-kabu. A bakin biro ta ritsa Munkaila.

"Kai! Wa ya aike ka?"

"Rumana, gaisuwar safe ce kawai..."

"Kada ka ƙara ce mini Rumana! Safiya ɗari huɗu gare ka a yini ɗaya? Layi biyu na bayani ka kasa karantawa, ka je ka zubar mini da mutunci gaban liman. Jalaluddeen za a ba ni, ka ji daɗi!"

Ya shiga ba ta haƙuri. Ita kuwa abin da ya fi ƙona mata rai shi ne har yanzu tana son sakaran.

"Ɗauko ordinatar," ta ce. "Kai ka ɓata, gabanka za a gyara."

A shago Alhaji ko sallamar Munkaila bai amsa da kyau ba. Rumaisa'u ta durƙusa ta buɗe shafin.

"Baba, don Allah danna nan."

Ya danna da ƙyar. Waya ta yi ƙara. Ya sake dannawa, ta sake yi. Ya danna sau uku a jere, kamar mai gwada makunnin fitila.

"Duk manomin da aka buɗe wa shafi yau, saƙo ya fita," ta ce. "Na'ura ce, Baba. Shi wauta ce laifinsa, ba iskanci ba."

Alhaji ya juya ga Munkaila. "Kai da hannunka, sau nawa ka rubuta?"

"Sau ɗaya, Baba."

"Kuma da gaske kake?"

"Wallahi da gaske nake."

Alhaji ya daɗe yana harararsa. "To, maganar gaske ba a ba na'ura ta kai. Ka turo manyanka su faɗa mini da bakinsu. Kuma ka kashe abin ga kafin in jefa shi rijiya!"

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Limamin da ya karanta saƙon shi ya yi addu'a, yana danne dariya: Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Washegari da safe Munkaila ya ɗauki waya zai rubuta mata gaisuwa. Ta fizge ta tura ƙarƙashin matashi.

"Ga ni gabanka, Mai Caja. Faɗa da bakinka."

Ya faɗa sau ɗaya. Ta ɓata rai.

"Saura ɗari huɗu da goma sha ɗaya," ta ce.